Gardamar da Malam Ya Bari a Ƙofar Gida

Ni ban taɓa ganin ƙwallon Italiya da idona ba. Ban san inda ƙasar take ba, ko gabas ko yamma. Amma na san 'yan wasanta na da, na san wanda ya iya da wanda ake cewa ya iya, na san kocin da ya gyara da wanda ya zo ya ɓata. Ta bayan katanga na san su.

Gidanmu a Ƙarfi yana da dakali a ƙofa, ƙarƙashin wata darbejiya. Madafina kuwa jingine yake da katangar ta ciki, da 'yar taga da aka huda don hayaƙi. Hayaƙi na fita, magana na shigowa. A dakalin nan maigidana, Malam, Allah ya jiƙansa, yake zama da abokansa bayan la'asar. Su huɗu ne ba sa fashi: shi, da Tela, da Mai Awo wanda ke sayen masara a kasuwar Dayi, da Alhaji Direba mai motar haya tsakanin Funtua da Malumfashi. Ran Lahadi Alhaji zai kwashe su a motarsa su tafi Malumfashi, gidan wani mai talabijin, su yi kallo su dawo. Abin da suka kalla a yini ɗaya, shi za su yi ta tauna har wata Lahadin ta zagayo.

Malam na masu riga mai ratsin shuɗi da baƙi ne. Alhaji na masu ja da baƙi. Tela da Mai Awo kuwa, inda murya ta fi ƙarfi nan suke. Sunayen 'yan wasan sun ƙi bakina, duk ƙarshensu iri ɗaya, sai na raɗa musu nawa. Akwai Dogo, mai tsaron baya na ƙungiyar Malam, wanda Malam ke cewa zai gama wasa wandonsa fari tas, don tun ƙwallo ba ta iso ba ya san inda za ta faɗi. Akwai Baƙo, ɗan wasan gaba na ƙungiyar Alhaji, wanda ciwon ƙafa ya raba da wasa tun da ƙarfinsa. Akwai Mai Kwat, kocin su Baƙo, wanda ke zuwa fili kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Maganar Malam ɗaya ce, shekara da shekaru. "A ci ɗaya a rufe ƙofa. Ni manomi ne, Alhaji. In na zuba dawa a rumbu ba na barin bakinsa buɗe in tafi yawo."

Alhaji ya ce, "Wannan ba ƙwallo ba ce, gadi ne. Mutum goma sun taru a bakin raga kamar masu jiran rabon taki."

"Wa ya ɗauki kofin?"

"Kofin da aka ɗauka mutane na gyangyaɗi."

"To je ka karɓo shi, tunda kai idonka biyu."

A da haushi suke ba ni. Tuwo ya huce, miya ta yi sanyi, ana can ana rantsuwa a kan mutanen da ba su san da zamanmu ba. Na taɓa tambayar Malam ko Dogon nan zai zo ya taya shi cirar auduga. Ya yi dariya ya ce ba zan gane ba. Ban kuwa gane ba, amma kunne ba ya neman izini. Ina tuƙa tuwo, maganarsu na shiga, tana samun wuri tana zama.

Ana nan, ana nan, yara suka watse. 'Ya'yana mata suka tafi gidajen mazajensu. Babban ɗana na Kaduna. Ƙaramin ya sami babur mai ƙafa uku a Funtua, ya ɗauke iyalinsa. Gida ya rage daga ni sai Malam sai awaki. Wata shekara, bayan an kwashe amfanin gona, Malam ya kwanta kwana shida, a na bakwai ya cika.

Na yi takaba. Yara suka ce in koma wajensu, na ce tukuna. Abinci ban rasa ba, sutura ban rasa ba. Abin da nake tsoro shi ne la'asar. Da safe akwai shara, akwai awaki, akwai maƙwabciya mai shigowa ɗiban wuta. Amma in rana ta karkata, inuwar darbejiya ta hau katanga, lokacin da gidan ya saba cika da muryar maza, sai in ji shirun ya taso daga zaure ya shigo har ɗakina.

A garinmu in maigida ya rasu, majalisar ƙofarsa takan tashi. Ba wanda ke sanarwa. Yau mutum ɗaya ya zauna a wata ƙofa, gobe na biyu ya bi shi, shi ke nan. Na san haka. Don haka ranar da na fita takaba, tun kafin a kira la'asar, na ɗauki tsintsiya na share dakalin, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa tabarmar Malam, na ajiye tulu da moɗa da kwanon dafaffiyar gyaɗa. Na koma madafi na zauna.

Suka zo. Na ji sallamarsu, na ji an cire takalma, na ji ana ɓare gyaɗa. Alhaji ya ɗauko zancen wasan Lahadi, ya ce masu tsaron baya sun cuci ƙwallo. Tela ya ce, "Haka ne." Mai Awo ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji." Can wani ya tambayi farashin taki, aka ba shi amsa. Tun rana na saman katanga suka tashi.

Gobe haka, jibi haka. A nan na gane abin da ban gane ba Malam na da rai. Gyaɗata ba ta riƙe kowa, inuwar ma akwai irinta a kowace ƙofa. Gardamar ce ke zaunar da su, mai riƙe da ɗaya bakin igiyar kuwa ya tafi. Ba a daɗe ba Mai Awo ya koma gidan kallo na bakin titi, inda samari ke ihun ƙwallon Ingila. Saura biyu.

Wata Litinin ina jin su. Alhaji ya ce, "Ƙwallon Italiya ta mutu, Tela. Masu rufe ƙofa suka kashe ta. Yanzu ko yaro ba ya tambayarta." Tela ya ce, "Haka ne." Na ji Alhaji ya yi ajiyar zuciya, na ji yana laluben takalminsa da ƙafa. Na san in ya tashi yau, gobe da wuya ya dawo.

Mace ba ta sa baki a majalisa. Uwata ba ta yi ba, ni ma ban taɓa yi ba. Amma sai na ji bakina ya matsa kusa da tagar hayaƙi.

"Da Dogo na nan da jiya ko ɗaya ba a ci masu shuɗi da baƙi ba."

Takalmin ya tsaya.

Alhaji ya ce, "Wa ke magana?"

Na ce, "Hayaƙi ne, Alhaji."

"To, hayaƙin nan ya san ƙwallo. Uwargida, kin taɓa ganin Dogon?"

"Ban gan shi ba. Kai da ka gan shi, sau nawa Baƙonka ya wuce shi?"

Dariya ya yi har ta zama tari. Na ji ya gyara zama, dakalin ya amsa. Ya ce, "Tela, ka ji abin da mutumin nan ya bar mana? Ya tafi ya ajiye wakili." Daga nan ya ɗauko Mai Kwat, ya ce shi ya koya wa duniya wasa. Na ce Mai Kwat 'yan wasa ya tarar, da an ba shi na wasu da tuni ya koma gida da kwat ɗinsa. Maganar Malam ce, kalma da kalma. Ranar sai da ladan ya kira magariba suka tashi, tuwona ya kama ƙasan tukunya.

Damina biyu muka yi a haka. Shi a waje, ni a ciki, ba mu taɓa zama fuska da fuska ba. Yakan kawo labarin sabon wasa, ni in auna shi da ma'aunin Malam. Wani lokaci maganar Malam ta ƙare mini, sai in ƙirƙiro tawa in ce tasa ce. Alhaji ya ce, "Bai taɓa faɗin haka ba." In ce, "A ɗaki ya faɗa." A cikin daminar ta biyu Tela ya rasu. Muka rage mu biyu da katanga.

Idon Alhaji ya fara yin hazo. Ya bar tuƙi, ya bar zuwa kallo, sai abin da ya ji a rediyo. Sandarsa nake fara ji kafin sallamarsa. Wata rana ya zo ya zauna, bai taɓa gyaɗar ba. Ya ce ɗansa zai zo gobe ya ɗauke shi zuwa Funtua, kusa da asibiti, can zai zauna. Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Sai ya ce, "Uwargida, akwai maganar da ban faɗa wa abokina ba yana raye. Gaskiyarsa ce. Dogo ya fi Baƙo. A ci ɗaya a rufe ƙofa, ita ce ƙwallo. Na yarda."

Shekaru Malam ya yi yana jiran wannan magana. Ni aka kawo wa, kuma ban ji daɗinta ba ko kaɗan. In na karɓa, ba sauran abin cewa. Zai tashi, rana kuwa ko saman katanga ba ta kai ba.

Na ce, "Ni ban yarda ba."

"Da me?"

"Wannan ba ƙwallo ba ce, Alhaji, gadi ne. Mutum goma a bakin raga kamar masu jiran rabon taki. Da ƙafar Baƙo ba ta ci amanarsa ba, da Dogo bai kwana da farin wando ba."

Ya ce, "Ashe har tawa kin ajiye." Can kuma ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "To wa ya ɗauki kofin?" Na ce kofin da aka ɗauka mutane na gyangyaɗi. Haka muka yi ta yi, shi da maganar Malam, ni da tasa, har aka kira magariba. Na ji sandar na nisa, na bi ta da kunne har ta sha kwanar masallaci.

Har yau ina share dakalin, sai dai na daina dafa gyaɗa. Awaki ne ke hawa su kwanta a inuwar. In la'asar ta yi ina madafi, nakan faɗi ta Malam, in jira kaɗan, in amsa da ta Alhaji. Wata rana wannan ya yi rinjaye, wata rana wancan. Ban raba musu ba tukuna.