Mai Tura Keken da Babu Kowa

A ƙofar asibiti nake kallonta, doguwar mace, idanu sun faɗa, tana tura keken marasa lafiya babu kowa a ciki. Duk da haka tana kauce wa ramuka a hankali, kada ta girgiza wadda ba ta nan.

Ma'aikaciyar jinya ta tare ta. "Yaya, ya haƙurin rashin Mama? Ya zuciyar?"

Matar ta daɗe tana laluben kalma. Baƙin ciki bai isa ba, hutu kuma ba ya faɗuwa. Ina zaton shekaru ta yi tana jinyar tsohuwar, har wani lokacin takan so abin ya ƙare.

"Jiya na yi barci mai daɗi," in ji ta. Sai ta toshe baki, tana waige-waige kamar Mama za ta ji.