Fostar Sodangi Ta Sha Guga

Sodangi taubashina ne, don haka ba mai hana ni faɗin gaskiya a kansa. Shekara arba'in yana ɗinki a bakin kasuwar Bodinga, har yau in ya ɗinka maka wando sai ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Amma girman kai, wai wai wai!

Abin taƙamarsa guda ne a duniya: wata tsohuwar fostar fim ɗin Indiya da ke ninke a ƙasan adakarsa. Ya ce da ƙuruciya ya yi aikin manna fosta a wani gidan silima na Sakkwato, kuma wannan ta asali ce, tare da fim ɗin ta zo ranar da aka fara nuna shi. Ɗahiru mai faci kuwa ya rantse sabon bugu ce, irin wanda aka yi daga baya da aka sake kawo fim ɗin, a wajen masu kalanda Sodangi ya samo ta. A majalisa har "Manajan Silima" suke kiransa, yana murmushin yaƙe. Ba abin da yake so kafin ya mutu irin a yarda ba maƙaryaci ba ne.

Sai ga dama ta zo har gida. Malama Firdausi, 'yar garin Shagari, mai tattara kayan silima na da don baje su a birni, ta aiko cewa za ta zo ran Asabar ta duba.

Me gwanin naku zai yi? Ya fito da fosta, ya ga ninki duk jikinta, gefenta ya zaizaye. Tela ne fa, ba ya iya ganin baki a karkace ya ƙyale. Ya yayyafa mata ruwa, ya bi ta da dutsen guga kamar babbar rigar ango, ya sa almakashi ya datse gefen nan huɗu ƙaf. Bai tsaya nan ba, ya hau mota har Shagari aka liƙe masa ita cikin leda kamar takardar shaidar makaranta. Na ce masa, "Kai wawa, mi ka kai ka?" Ya ce mace ba ta san ado ba.

Ran Asabar majalisa ta cika, har da waɗanda ba su taɓa shiga silima ba. Firdausi ta juya fostar, ta sake juyawa.

"Baba, ina farin gefen ƙasa? A nan ake rubuta sunan maɗaba'a da shekarar bugu."

"Na gyare shi, ɗiyata. Ya yi dauɗa."

"Ninkin fa? Na asali a ninke suke zuwa. Takardar ma da zan taɓa in ji, tana cikin leda."

Ɗahiru ya fara tari, tarin da kowa ya san dariya ce. Ni kam haushi ya rufe ni, har da ɗan tausayi, don na tsani in ga furfura tana rawa a gaban mutane.

Sodangi ya matsa kusa da ita, ya rage murya. "To ki dai ce musu ta asali ta."

"Wataƙila ita ce, Baba," in ji ta. "Amma yanzu ba ni ba, ba wanda zai iya sani har abada."