Dogarin Kirsimeti

Kawuna yana da shagon kayan masarufi a bakin titin Minjibir. Duk Sallah sai ya rataya fitilu masu walƙiya, ya raba wa yara alewa. Wata shekara ya ce ba a kyauta wa Kiristocin da ke ciniki a wurinsa ba, malaman asibiti da masu zuwa sarin gero, tunda su ba a taɓa yi musu komai ba. Ya ga wani mai jajayen kaya da farin gemu yana raba kyauta a birni lokacin Kirsimeti, sai ya rantse shi ma sai ya yi nasa.

Ni aka ɗora wa aikin, magidanci guda da ni! Aka naɗa mini jan bargo, aka manna mini gemun auduga da ƙaro, aka dasa ni a ƙofar shago.

Mutanenmu kuwa ba su san wani mai jajayen kaya ba sai dogari. Kafin azahar labari ya zaga gari cewa hakimi ya aiko a kama kawu. Ko ƙuda bai leƙo shagon ba. Matar kawu ta fito tana salati. Na sunkuya in gaishe ta, akuyar maƙwabta ta fizge rabin gemuna.

Da la'asar wata malamar asibiti ta zo sayen shinkafa, ta gan ni, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wa kawu, "Haba Alhaji, ai da barka da Kirsimeti kawai ka ce mana, da ya wadatar."

Kawu ya ce mata barka da Kirsimeti, ya huta. Ni kuwa har yau Dogari ake kirana, har surukaina.