Rariyar da Kakana Bai Zana Ba

Duk shekara idan damina ta kankama, ɗaki ya yi laima, akwai wani wari da ke tasowa daga ƙasan adakata, warin tsohuwar fata da ta sha hannu. Jikokina sun tsane shi. Kullum sai sun ce in fitar da abin in yar, wai ko ɓera ya ƙi shi. Ni kuwa da na shaƙe shi sai in ji na koma 'yar shekara tara, ina tsugune a zauren alkali. Gyara zama ka ji. Ban cika son ba da labarin nan ba, domin ban fito da kyau a cikinsa ba.

Fatar tunkiya ce jemammiya, kakana ya zana garinmu na asali a kanta. Yanzu na ji 'yan boko suna ce wa irin wannan taswira. Mu dai zanen gari muke ce masa. Ni ban taɓa ganin garin da ransa ba. Shekara ashirin da wani abu kafin a haife ni mahara daga arewa suka faɗa masa da sassafe, suka ƙone shi, suka kwashi waɗanda suka kwasa. Waɗanda suka tsira suka gangaro nan ƙasar Maska suka kafa unguwa, lokacin Funtua ba ta wuce ƙauyen da za ka ratsa ba ka sani ba.

Kakana marini ne, yana kuma da ɗan karatunsa. A shekarar farko ta gudu, tun garin bai dushe a idonsa ba, ya zauna ya zana shi kaf. Kogin da ya rungumi garin ta gabas da kudu ya yi shi da baba, har yau shuɗinsa bai saki ba. Ganuwa ya ja ta da baƙar tawada, da ƙofofinta huɗu. Ga masallaci, ga kasuwa, ga marina a bakin ruwa, ga wata babbar tsamiya a jikin ganuwa ta bayan unguwarmu. Kowane gida ya yi masa ɗan da'ira, namu kaɗai ya ɗiga masa ja. Idan gardama ta tashi kan wane ɗan gidan wane ne, ko wa ya yi maƙwabtaka da wa, gidanmu ake zuwa a shimfiɗa fata, magana ta ƙare.

Da na taso idonsa ya riga ya rufe, sai ya mai da ni idonsa. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar ɗakinsa ya ce, "Amarya, zo ki kai ni marina." In ɗora yatsansa a kan jan ɗigon nan, in bi da shi lungu-lungu, mu wuce masallaci, mu fita ta ƙofar kudu, mu gangara bakin kogi. Idan na kauce ko da kaɗan sai ya ce na shigar da shi gidan mutane ba sallama. Kafin shekara na haddace garin kamar Fatiha. Kaina ya kumbura ƙwarai. Ina ganin duk duniya ba wanda ya san garin nan kamar ni da ban taɓa taka shi ba.

Abu biyu ne fatar ta kasa warwarewa. Na farko, ta ina maharan suka shiga, alhali an kwana da ƙofofi huɗu a garƙame? Dattawa sun shekara talatin suna wannan gardama a gindin bishiya, daga ƙarshe laifin yakan sauka a kan mai tsaron ƙofar arewa, wanda ya mutu a ranar, ba shi da bakin kare kansa. 'Ya'yansa a cikinmu suka girma da sunkuyayyen kai. Na biyu kuwa namu ne na gida. Kakana yana da 'ya, ƙanwar babana, 'yar shekara bakwai, da ba a sake ganinta ba tun ranar. Kakata ta ce a cikin ruɗanin gudu yarinyar ta kuɓuce mata. Ba ta taɓa ƙara ko kalma ɗaya a kan haka ba, kuma da an shimfiɗa fata sai ta ɗauki mazarinta da audugarta ta koma bayan ɗaki. Na ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Wata shekara, bayan an gama cirar auduga, ayarin fatake masu zuwa Nufe ya sauka a zangon bayan gari. Da hantsi wata baiwar madugu ta zo rijiyar unguwarmu ɗibar ruwa. Ta ji matan suna hira, wata ta ambaci sunan tsohon garinmu, sai guga ya suɓuce mata ya faɗa rijiya da igiyarsa. Ta tambaya ko marinin nan mai gida a gindin tsamiya yana raye. Kafin ka ce kwabo mata sun rako ta har tsakar gidanmu.

Ina nan na gan ta. Doguwa ce, ramammiya, ƙafafunta duk faso. An yi mata wani zane a fuska a kan namu na gida, irin wanda iyayengiji ke yi don a ɓatar da asali, har ba ka iya gane na ƙasan. Hausarta ma ta karkace. Kakata ta dube ta, ta daɗe tana dubanta, sai kawai ta zauna daɓas a ƙasa.

Madugu bai ɗauki abin da wasa ba. Ya ce duk garin da suka sauka sai wata baiwa ta tashi da iyaye, kuma duk unguwar 'yan gudu ba a rasa tsohuwar da za ta rantse 'yarta ce. Gobe da asuba ayari zai tashi, da ita zai tafi. Babana ya garzaya wurin alkali, kafin azahar an tara mu.

Ni na ja wa kakana sanda, fatar tana naɗe a hammatata, shi ya sa na shiga inda yara ba sa shiga. Zauren cike yake da maza, ana zufa. Mata suna waje a bayan zana. Alkali ya ce idan 'ya ce, 'yar Musulmi, to ba ta sayuwa, sai madugu ya bi wanda ya sayar masa. Amma hawayen uwa ba shaida ba ne, a kawo abin da za a kama. Kakana ya ɗaga kai da ƙarfin gwiwa.

"Allah ya gafarta Malam, garin yana nan a hannun yarinyar nan. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa ganin fatar ba. Ta zana mana a ƙasa yadda ake fita daga gidana zuwa kogi. In jinina ce, ƙafarta ba za ta manta ba."

Aka share ƙasa. Aka shimfiɗa fatar a gaban alkali, a inda matar ba za ta hango ba, aka ce in tsuguna in riƙa dubawa. Matar ta durƙusa, ta sa yatsa. Ta yi da'ira ta ce ga gida. Ta ce ga rijiyar maƙwabta, na duba, tana nan. Ta ce ga tsamiya, tana nan. Babana har ya fara hamdala a ƙasan maƙoshi. Daga nan ya kamata ta juya hagu, ta bi ta masallaci, ta yi doguwar tafiya zuwa ƙofar kudu. Sai ta ja layinta miƙe, ta bayan tsamiya, ta ratsa ganuwa, ta faɗa kogi.

Ba wanda ya tambaye ni. Wallahi ba wanda ya tambaye ni. Alkali ma bai gama dubawa ba. Amma ni gwanar gari, da muryata mai kaifi, na ce, "Ai babu ƙofa a nan! Ganuwa ce!"

An ce baki shi ke yanka wuya. Ni nawa wuyan wata ya tashi yankawa. Madugu ya yi dariya ya buga cinya. Alkali ya tambayi kakana ko akwai ƙofa a bayan tsamiya. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, ko don 'yarsa. Ya ce babu, ƙofofi huɗu ne, shi ma da hannunsa ya yi yaɓen wurin. Aka tambayi dattawa biyu da suka girma a garin, suka ce babu. Matar ba ta yi gardama ba. Ta dai dube ni, kallon da ba fushi a cikinsa, irin na wanda ya saba a ce masa tashi ya tashi. Ta ce a hankali, "Ta nan na fita." Ɗaya daga cikin yaran madugu ya kama hannunta ya miƙar da ita.

Sai muka ji murya daga bayan zana. "Allah ya gafarta Malam, a dakata."

Kakata ce. Ta shigo da rarrafe, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta dubi kowa ba.

"Ba ƙofa ba ce, rariya ce. Wadda ruwan damina ke fita. Maza sun toshe ta da duwatsu da ƙaya, mu muka zare su, don ƙofar kudu ta yi mana nisa da tulu a ka. In mun dawo mu mayar. Ran nan ruwan gida ya ƙare, maigidana zai yi alwala, na tashi yarinyar nan tun da jijjifi na ce ta bi ta rariya ta ɗebo. Na bar wurin a buɗe don ta dawo. Ba ta dawo ba. Su ne suka shigo ta nan."

Kowa ya gane abin da ta faɗa: ba labarin 'yarta kaɗai ta bayar ba, ta ba da amsar gardamar shekara talatin. Babban ɗan mai tsaron ƙofar arewa yana zaune a zauren, na ga ya rufe fuska da hannun riga. Kakana kuwa ya ƙame, hannunsa a kan sanda, kamar an dasa shi.

Madugu ya ce uwa za ta iya ƙaga rariya goma don ta karɓi 'ya. Alkali ya ce da gaskiyarsa. Ya sa aka rufe zanen ƙasa da tabarma, ya aika can cikin unguwa a kira tsofaffin matan da ba su zo ba, ba su ji komai ba, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Ni aka ce in nuna wa kowace inda masallaci yake da kasuwa da kogi a kan fata, sannan a tambaye ta: ban da ƙofofi huɗu, akwai inda mata ke fita?

Ta farko ta ce ita ba ta san komai ba, ta tsufa, a bar ta. Na san ƙarya take yi, don idonta yana kan tsamiya. Ta biyu ita ce ungozomar da ta yanke mini cibiya. Ta saurari tambayar, ta dubi kakata a rakuɓe, ta dubi baƙuwar, ta yi ajiyar zuciya.

"An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya gaji. Ke 'yar nan, ina tsamiya?"

Na nuna mata. Ta dangwala yatsa a bayanta, daidai jikin ganuwa. Ta uku ma nan ta dangwala. Ta farkon da ke bakin ƙofa ta fashe da kuka ta ce a dawo da ita, ita ma ta bi ta nan ba sau ɗaya ba. Aka ɗaga tabarma, layin baƙuwar yana nan a wurin. Da asuba ayari ya tashi ba da gwaggona ba.

Kada ka ɗauka an yi ta guɗa. Gidanmu ya yi nauyi. Kakana ya kwana bakwai bai ce wa kakata uffan ba, abincinsa ma ni ke kai masa. Wasu a unguwa sun daina gaishe ta har ta mutu, kuma ita da ƙafarta ta je ta durƙusa wa 'ya'yan mai tsaron ƙofa. Ni kuma na kasa haɗa ido da gwaggona, ko da yake ita ce ta riƙa yi mini kitso, ba ta taɓa tayar mini da maganar ba.

A rana ta takwas bayan la'asar kakana ya ce in shimfiɗa fata, in kawo tawada. Na miƙa hannu zan kama yatsansa kamar kullum, sai ya janye.

"Ba ke ba, amarya. Ni da ke gari ɗaya muka sani. Kira mini ita."

Kakata ta zo ta durƙusa. Ya tsoma yatsa a tawada ya miƙa mata hannun. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kai shi bayan tsamiya ta danna. Tawadar ta yi yawa, ta bazu, ɗigon ya fi masallaci girma. Haka aka bar shi.

Yanzu duk sun tafi, ni ce tsohuwar gidan. Jirgin ƙasa yana kuka a Funtua, audugar da muke kaɗawa da mazari inji ke gurzarta. Kwanakin baya wani jikana ya kawo mini taswirar masu awon ƙasa, fara fes, layukanta a miƙe, ya ce wannan ba ta kuskure. Na ce ya nuna mini kufan garinmu, ya duba ya duba, sai kogin kaɗai ya samu. Na tambaye shi, su masu awon, da suka zo, sun shiga cikin gida sun tambayi masu ɗibar ruwa? Ya yi dariya ya ce tsufa ya fara taɓa ni. Na ƙyale shi, don ni ma na taɓa zama gwana.

Fatar tana nan. Gwaggona har ta rasu takan ɗauko ta ta ɗora yatsa a kan ɗigon rariyar, bayanta ni na ci gaba. Tsakanin yatsanta da nawa, tawadar ta goge, fatar ta siɗe, bara wurin ya huje. Idan ka ɗaga ta ga rana, ta nan kaɗai haske ke shigowa garin.