Na Je Dubai Raba Auta da Babur

Mun tashi da asuba daga Wudil, ni da ƙanwata wadda ta saba zuwa Dubai saro abaya da turare. Ni ba saro ya kai ni ba. Ku da kuka yi ta tambaya ko Umara na tafi, to ba can na je ba. Autana na je gani, wanda yake aiki a wani kamfanin kago, masu aika kaya ƙasashe, a can, shekara huɗu ke nan.

Wata biyu kafin tafiyar, maƙwabciyata ta shigo da waya a hannu tana murna, wai in zo in ga ɗana. Na ga mutum a kan wani baƙin babur mai girman maraƙi, ya kwanta a kwana har gwiwarsa tana neman taɓa kwalta. Da ya tsaya ya cire hular kwano, sai ga fuskar Auta yana dariya. Na miƙa mata wayarta. A kan babur ɗan farina ya rasu, yana acaɓa, kuma duk unguwa an sani. Magana ɗaya na ɗauka na tafi da ita: ya sayar da abin nan, ko in cire hannuna daga lamarinsa. Irin wannan ba a aika ta ta waya.

Har muka shiga Kano ina kallon 'yan acaɓar hanya, masu silifas, wani da buhu biyu da mace da goyo. A filin jirgi aka sayar wa ƙanwata ruwan roba a kuɗin da zai sayi kwanon gero rabi, ta biya tana tsaki. A Addis muka sauya jirgi. Can na fara gamuwa da matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya na ga yadda take haɗiye kanta a ƙarshe, na ce a nemo mini ta Allah da Annabi, mai tsayawa wuri ɗaya. Abincin jirgi kuwa ɗan kwano ne kamar na majinyaci.

Auta ya tare mu a Dubai. A gaban Larabawa da Indiyawa ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, wannan kam bai manta ba. Ni kuma gwiwar hannunsa nake dubawa, da yadda yake taka ƙafa. Ban ga tabo ba. Ya dai rame.

Masaukinmu a Al Buteen yake, tsohuwar unguwa a bakin ruwa, duk shaguna da ƙananan otal. Tagar ɗakinmu bango take kallo. Lunguna cike da ƙamshin turaren wuta da na kayan yaji, 'yan dako suna tura amalanke suna cewa yalla, yalla, kuma ba ka taku goma ba ka ji Hausa ba. Shayin madara mai kauri dirhami ɗaya, shi ne abu guda da na ga an yi wa talaka adalci a garin. Shinkafarsu ta biryani na ci kwana biyu, cikina ya ce ya isa. Ƙanwata ta kai ni wani bene inda wata Bakanuwa ke sayar da tuwo da miyar kuka. Da na ji kuɗin malmala ɗaya sai da na ajiye lomar na sake dubanta. Kukar ma ta kwana biyu, ta fara ɗaci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu kai abinci a babur. Kowace danja ka tsaya za ka gan su jere, akwati a baya, fuska a naɗe saboda rana, idanu jajaye. Manyan motoci suna wuce su kamar ba mutane ba. Kowannensu akwai wata tsohuwa a wata ƙasa da take jiran wayarsa.

Rana ta uku muka shiga jirgin ƙasa, taragon mata, zuwa Al Qusais inda yake zaune, tsakanin gidajen haya da manyan ɗakunan ajiyar kaya. Su huɗu ne a ɗaki, gado kan gado. Babur kuwa yana ƙasa a inuwa, an lulluɓe shi da mayafi, ya fi mai shi samun wurin kwana. Na zauna, na gyara murya, sai ya riga ni.

"Inna, na san abin da ya taso ki. In kin ce in sayar, wallahi gobe zan sayar. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ki bari sai Asabar, ki ga inda nake zuwa."

"Gidan wasa?"

"Makaranta ce."

"Makarantar mutuwa," na ce. Amma na yarda, don kada ya ce na yanke masa hukunci ban gani ba.

Ranar Asabar da sassafe tasi ta ɗauke mu, muka bar dogayen benaye, muka miƙa har gari ya fara ƙarewa yashi ya fara. Wurin fili ne da aka zagaye da shinge, a ciki an shimfiɗa kwalta mai lanƙwasa, tana komawa inda ta faro. Babu mota, babu akuya, babu mai tsallakawa, kowa hanya ɗaya yake fuskanta. Gefen kowace kwana an zuba tsakuwa mai yawa. Motar asibiti tana tsaye tun kafin a tayar da babur ko ɗaya. Wannan bai kwantar mini da hankali ba, don ba a kiran ta inda ba a sa ran jini.

Auta ya fito cikin kayan fata tun daga wuya har idon sawu, da safar hannu, da wani faranti mai tauri a gadon baya. Ƙanwata ta fashe da dariya. "Yaya, sun ɗinke miki ɗa a cikin salka!" Ni ban yi dariya ba. Na ga an bi baburan ɗaya bayan ɗaya ana latsa taya, ana jan birki, aka mayar da wani Bature gefe saboda tayarsa ta cinye, yana ta magiya ba a saurare shi ba. Wannan ya burge ni. Malaminsu wani Balarabe ne mai furfura, yana ɗingishi, ba ya fara'a. Ya gaishe ni da "Hajja", ya sa aka kawo mana kujeru inuwa. Ya zaunar da su kusan awa guda yana zane a allo kafin a bar kowa ya hau. Da suka hau ma a bayansa suka jeru kamar 'yan agwagi, ba mai wuce wani. Auta ya ce mini ana koya musu inda za su sa ido. Wai wanda ya ƙura wa abin da yake tsoro ido, can babur zai kai shi.

Da hantsi aka koma wani fili mai faɗi aka jera jajayen robobi. Malamin ya hau da kansa. Ya taho a guje, daidai robar farko ya taka birki. Tayar baya ta yi kuka, gindin babur ya yi ta wutsil-wutsil, ya ja baƙin layi a ƙasa, bai tsaya ba sai can nesa. Aka ajiye roba a wurin. Ya koma ya sake tahowa da irin gudun nan. Wannan karon goshin babur ya ɗan sunkuya, ya tsaya cak, ba kuka, ba layi, ko rabin tafiyar farko bai yi ba.

Na kira Auta. "Me ya yi daban?"

"Na farko birkin ƙafa ne kawai, na baya. Na biyu ya haɗa da na hannu, na gaba. Shi ne mai tsayar da babur, Inna. Na baya taimako ne."

"Na gaba ba shi ke kifar da mutum ba?"

"In an damƙe shi lokaci guda. Ji abin da yake ce musu, shwaiya shwaiya, a hankali. Matsawa ake yi, ana ƙarawa."

Na dubi hannun malamin yana nuna musu a iska. Yadda ake tatsar akuya ne sak.

Nan na tuna. Lokacin da marigayi maigidana ya sayo wa ɗan farina babur, ba a daɗe ba da ɗan maƙwabta ya kife a bakin kasuwa ya zubar da haƙora, kowa yana cewa birkin hannu ne ya jefar da shi. Duk 'yan acaɓan garinmu haka suka ɗauka, wasu su sassauta shi, wasu su cire. Ni ce na tsaya a tsakar gida na ce babur ɗin nan ba zai fita ba sai an cire wannan birkin. Maigidana ya ce a bar shi yadda masu shi suka ƙera shi. Na ƙi cin abinci. Washegari aka kira bakanike ya zare wayar birkin, ya rataye ta a ƙusa a zaure. Na yi barci mai daɗi ranar, ina ganin na tsare ɗana.

Da aka tafi hutu na roƙi a bar ni in shiga filin. Na tsaya a robar da ya tsaya karo na biyu, na taka zuwa ta farko ina ƙirgawa. Taku ashirin da bakwai, irin nawa na tsohuwa.

Ku kun san al'adarmu. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna damuwa da shi a gaban mutane. Ranar da aka kawo shi ban yi kuka a tsakar gida ba, mata suna ta yaba haƙurina. Ban taɓa tambayar yadda abin ya faru ba. An ce motar shanu ce ta fito da baya daga karar dabbobi ranar kasuwa, na ce Allah ya jiƙansa, shi ke nan. Auta ne ya bi mahaifinsa suka ɗauko babur ɗin. Sai a ƙasar mutane, bayan shekarun nan duka, na buɗe baki.

"Kai ka ga wurin. Ya taka birki?"

"Inna, a bar maganar nan."

"Tambayarka nake yi."

Ya sunkuyar da kai. "Ya taka tun daga nesa. Layin tayar dogo ne. Kaɗan ya rage masa."

"Ka san an cire na gaba?"

"Na sani. Shi ya sa na zo nan. Da na sayi babur, hannuna ƙin taɓa birkin gaba yake yi. Wata uku malamin nan yana fama da ni."

Na sa ya kira malamin, na ce ya fassara masa tambayata ba ragi: da birkin yana nan, da yaron ya rayu? Balaraben ya ce wannan Allah kaɗai ya sani, shi ba zai yi mini ƙarya ba. Ya ce mutanenmu ba su yi ƙarya ba da suka ga birkin gaba yana kayar da mutum, ya kayar da shi ma, ga ƙafar nan shaida. Sai dai abin koyo ne, ba abin cirewa ba. Daga nan ya duba agogo ya koma wajen ɗalibansa.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da Ubangijina. Amma ni ce na ƙi cin abinci sai da aka cire birkin nan.

Bayan azahar wani ya zame a kwana. Ya yi ta gungurawa cikin tsakuwa, aka ɗaga jar tuta, kowa ya rage gudu. Kafin motar asibiti ta isa ya miƙe yana kakkaɓe jiki. Malamin ya zaunar da shi, ya sa shi ya faɗi kuskurensa da bakinsa a gaban kowa. Na ga Auta ya wuce sau da yawa, ba ya rawar kai, ba ya neman tsere. Na kuma ga cewa da yamma zai fito daga shingen nan ya hau titin da babu tsakuwa, babu tuta.

Sauran kwanakin ban san yadda suka wuce ba. Ƙanwata ta ja ni babbar kasuwar 'yan Sin da ke International City, tafiya ba ta ƙarewa, ban sayi ko allura ba. Ranar komawa Auta ya sa mu a ɗan kwalekwalen da ke tsallaka ruwan Deira, shi ma dirhami ɗaya. Muna tsakiyar ruwa ya ce, "Inna, yau ne fa. Me kika yanke?"

"Na taɓa yanke hukunci a kan babur sau ɗaya," na ce. "Ba zan ƙara ba."

"Kin yarda ke nan?"

"Ban ce na yarda ba. Kada dai ka fasa zuwa wurin mai ɗingishin nan. Allah ya tsare."

Ya rufe fuska da hannu. Ni na juya ina kallon ruwa.

Mun sauka Kano lafiya, ƙanwata ta tsaya jiran kayanta, ni na hau mota zuwa Wudil. A tasha wani ɗan acaɓa magidanci, mai furfura a gemu, ya ɗauki jakata ya ɗora a tanki. Kafin in hau na kai hannu na taɓa birkinsa na dama. Ƙarfen yana lilo, babu waya a jikinsa. Na ce masa ya mayar da ita, ya nemi wanda zai koya masa matsawa. Ya yi dariya har da buga cinya. "Haba Hajiya, wannan ai shi ke kashe mutane. Uwata ce ma ta sa na cire." Na karɓi jakata na ɗora a ka, na tafi gida a ƙasa.

Abin da tafiyar ta koya mini ba mai daɗi ba ne. Makarantar nan tana da amfani, na gani da idona, hannun da aka koya wa ya fi hannun da aka tsorata. Sai dai tana bayan shinge a ƙasar masu kuɗi, mu kuma namu 'ya'yan a tasha suke koyo, daga bakin wanda shi ma ji ya yi. Tsoron da na tafi da shi na dawo da shi bai ragu ba, na ƙaro wani nauyin a kai. Ke da kike da ɗa a kan babur, kafin ki ba da umarni don kina tsoro, ki nemi wanda ya sani ki tambaya. Ni na tambaya, amma a makare.