Wa Ya Yanka?

Lokacin sanyi ne, irin sanyin Greensboro mai barin itatuwa tsirara, kuma shekarar duk ta zo mini da nauyi. Ina da cikin fari, likita ta ce jinina ya yi ƙasa, in ban ci nama ba, ni da abin da ke cikina muna cikin haɗari. Ni kuwa tun da na sauka ƙasar nan nama bai shiga bakina ba. Maigida yakan biya manyan kantunan titin Wendover ya sayo kaza a leda. In dafa masa, in ci tuwona da miya lami.

Kakata ce sanadi. A gidanmu na ƙauye, in kawu ya shigo da tsoka ranar kasuwa, sai ta tare shi a zaure: "Wa ya yanka?" In ya yi inda-inda, naman ya koma. In ya faɗi mahaucin, sai ta zauna a gindin rumbu ta barbaɗa gishiri, ta jingine akushi har jinin ya tsiyaye. Mu yara muna haɗiyar yawu, ita ko a jikinta. Takan ce cikin mutum ba bola ba ne.

Ina yi wa wata tsohuwa Bayahudiya aikin gida a unguwar Irving Park. Rannan jiri ya ɗebe ni a gaban injin wanki. Sai ta ɗauko makullin mota, ta kai ni wani ɗan shagon abincinsu. Ƙamshin ya tare ni tun daga ƙofa: naman sa da ya jiƙu da gishiri, barkono da tafarnuwa, kamar kilishin da bai ga rana ba. Aka jibge mini shi cikin burodi, ga kokwamba mai tsami a gefe. Har na kai hannu. Amma na miƙe na je wurin mai shagon, da ɗan Turancina na tambaya wa ya yanka.

Ya ɗaga wuƙar burodi. "Ni mana, yanzu a gabanki."

Ashe a Turanci kalmar yankan burodi daban, ta yankan dabba daban. Na ja yatsa a maƙogwarona. Tsohuwar ta yi dariya har ta cire tabarau.

"Tambayar uwata ke nan a kowane shago," in ji ta.

Ta sa ya ɗauko ledar naman, ta nuna mini hatimi. Ta ce malaminsu ke yanka, da sunan Allah, a tsiyaye jinin da gishiri. Na bi baƙaƙen ɗaya-ɗaya, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Duk da haka ban ci ba, sai da na ari wayar shagon na kira Malam, limamin masallacinmu.

"Yankan ma'abota littafi ne, 'yata. Yi bisimilla. In ya yi daɗi, ki rago wa Malam."

Ban rago masa ba.

Yau shagunan halal sun cika gari. 'Yar da nake ɗauke da cikinta a lokacin ta girma, da waya take sayen abinci, in na yi tambayar sai ta amsa mini da Turanci tana murmushi. Ban fasa yi ba.

Washegarin ranar da na ci naman nan kuwa, na wanke tukunyata, na yafa mayafi a kan rigar sanyi, na hau bas ni kaɗai zuwa shagon. Kafin in buɗe baki mai shagon ya ja yatsa a maƙogwaronsa, ya juyo mini da hatimin. Na karanta da kaina, sannan na ce ya auna mini ɗanye.