Rijiyar da Magajiya Zalihatu ta roƙo

Shekara ashirin da takwas Zalihatu ta yi tana zama a majalisar dattawan wani gari da ke arewa da Matankari, a zamanin Faransawa. Ita ce Magajiya, mai magana da yawun mata, zane ɗaya a tsakiyar rawuna goma sha ɗaya. Ta gaji tabarmar ne daga gwaggonta, ta kuma shigo da buƙata guda tak: rijiya. Matan garin sai sun gangara fadama tun asuba, ba su dawowa da tulu sai hantsi.

Rijiyar siminti ba ta samuwa sai da izinin kumandan, Baturen mulki na Dogon Dutsi, shi kuwa sau ɗaya yake zuwa rangadi a shekara. Al'adar majalisar ita ce babba ke fara magana, a bi shekaru, kuma ba a katse kowa. Dattawan nan Allah ya hore musu baki. Wannan ya gaida Bature da gajiya, ya gaida dokinsa, ya kawo tarihin kakansa, tafinta ya juya. Kafin a zo kan Zalihatu rana ta take, kumandan ya yi jawur ya ɗauki hularsa. Haka za ta koma gida da maganarta a ciki, ranta a ɓace, ta huce a kan turmi.

Ta taɓa roƙon Tukur, wanda ya girme ta da damina uku, ya ba ta wurinsa.

Ya ce, "Magajiya, in na bari kinka riga ni, gobe ɗiyana ma sai su riga ni."

Sai ta koma jira. Ba ta roƙi mutuwar kowa ba, amma duk ta'aziyyar da ta je, ta san tabarmarta ta matsa gaba. Kumandan shida suka zo suka wuce. Haƙoranta suka zube, gwiwa ta ƙi, ita dai ba ta fasa zama ba ko sau ɗaya.

Shekarar da Tukur ya rasu ta zama babba. Ranar rangadi ba ta gaida doki ba. Ta ce matan gari na son rijiya, iyakar maganarta ke nan. Kumandan, don daɗin gajeriyar magana, nan take ya sa hannu.

Mahaƙa suka iso da rani, tana kwance da ciwon gwiwa. Dattawa suka ce ai rashin kunya ne a fito da tsohuwa cikin rana don nuna wuri. Su da kansu suka zaɓa, can gaba da fadama, inda dawakinsu ke kiwo.

Da aka gama, aka ɗora ta a jaki ta je gani. Maikano, ƙaramin cikinsu, ya tarye ta yana washe baki.

"Inna, kin gani? Mun hutasshe ki."

Ta dubi rijiyar, ta waiwayi garin da ya zama ɗan ƙarami a bayanta.

"Maikano, ka taɓa ɗaukar tulu?"

"A'a, Inna."

"Cikinku wa ya taɓa?"

Ta juya jakinta. A hanyar komawa ta tarar da mata a tsohuwar fadama suna yasar rami da ƙwarya, don nan ya fi musu kusa. Suka gaishe ta, ta kasa haɗa ido da su.